Ƙarfin Damtse Da Natsuwar Zuci: Wa Ke Ƙirga Wa Yaran Bata?

Duk wanda ya san Kano ya san Bata. Nan ne Fagge da Sabon Gari suka haɗa kafaɗa, inda titin Murtala Muhammad ya ratsa, doguwar gadar sama ta yi masa rumfa, kasuwar Sabon Gari tana gefe guda, Singa da Kantin Kwari kuma ba su da nisa. Sunan wurin ya samo asali ne daga kantin takalma na kamfanin Bata, wanda Tomas Bata ya kafa a ƙasar Cek a 1894. Amma tun kafin a san takalmin kanti, wannan yanki wurin ɗora kaya ne da sauke kaya. Fagge zango ce ta fataken da ke keto Sahara da raƙuma, Sabon Gari kuwa ta tsiro ne bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da baƙi da hajojinsu. Har yau abin da ake yi ke nan daga hudowar rana zuwa faɗuwarta: buhu yana hawa kan mutum, dila tana sauka daga mota, kura tana kutsawa tsakanin 'yan adaidaita sahu. Idan ana neman wurin da ƙarfi yake da kasuwa a ƙasar Hausa, to an zo.

Ba abin mamaki ba ne, ashe, a ga yaran da suka tashi a wannan yanki suna ɗaukar ƙarfi a matsayin jari. Filin wasa na Sabon Gari yana nan kusa da su, gidan damben Ado Bayero Square ma a Sabon Gari yake. Sun ji labarin Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978, sun san Kano Pillars ta ci a 2008, sa'an nan ta jera sau uku daga 2012 zuwa 2014, sun kuma san cewa daga nan Kano ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, Turai ta buɗe masa ƙofa. Saboda haka da asuba, ko bayan la'asar, akan tarar da su a lunguna da filayen makarantu suna tsallen kwaɗo, suna zagaya fili da gudu, waɗansu kuma suna ɗaga ƙarfen da aka zuba wa sumunti a gwangwani biyu, ko wani ɓangare na tsohuwar mota da aka samo wurin 'yan gwangwan. Niyyarsu kyakkyawa ce, himmarsu kuma abar yabo ce. Abin da ke da ban tsoro shi ne babu mai ƙirga musu. Yaro ɗan shekara 13 yana ɗaga abin da ɗan shekara 25 yake ɗagawa, don kada a ce masa rago, kuma babu wani babba a tsaye da zai ce masa ya isa haka nan, gobe a huta.

Domin a fahimci girman wannan giɓi, yana da kyau a leƙa wani wasa wanda ba a yin sa a Bata, watau besbol. Wasa ne da ya fi ƙarfi a Amurka da Japan da Kyuba da waɗansu ƙasashen yankin Karibiyan. Mutum guda yakan tsaya a kan ɗan tudu ya jefa wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, mai nauyin kimanin giram 145, wani kuma yana tsaye da kulki yana jiran ya make ta, ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a kama shi. Idan ya kuskure sau uku ya fita. Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai a Nijeriya, domin ƙasar ta zo ta biyu a gasarsa a wasannin Afirka na 1999 a Johannesbag, da na 2003 a Abuja. Yaran Yuganda sun je babbar gasar yara ta duniya a Amurka a 2012, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu kuma ya shiga babban rukunin Amurka a 2017. Duk da haka ba ana cewa a kawo besbol Fagge ba ne. Dalilin ambatonsa shi ne, a cikin wasannin duniya babu wanda ya kai shi son lissafi, kuma wannan son lissafin ne ya sa masu shi suka gano irin ɓarnar da suke yi wa 'ya'yansu.

Ga yadda abin ya faru. An kafa ƙungiyar yara ta Little League a 1939 a jihar Pensilbaniya. Ba a daɗe ba likitoci suka fara ganin yara 'yan shekara 11 da 12 suna zuwa da ciwon gwiwar hannu iri ɗaya, har a 1960 aka raɗa wa ciwon sunan ƙungiyar. Sirrin kuwa yana cikin halittar ƙashin yaro. A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani guringuntsi mai laushi, ta nan ne ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya gama daskarewa ga yaro namiji sai wajen shekara 16 zuwa 18. Wannan guringuntsi ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Watau abin da zai sa babba ya yi targaɗe kawai, shi yaro sai ya tsage masa mafarin girma. Jifa guda ba ta yin wannan ɓarna. Maimaitawa ce take yi, yau ɗari, gobe ɗari, jibi ɗari, ba tare da an bar jiki ya ɗinke abin da ya yage ba.

Manya ma ba su tsira ba. A 1974 wani bahagon mai jifa, Tommy John, ya tsinke jijiyar cikin gwiwar hannunsa. Likitansa, Frank Jobe, ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun ya dasa masa, ya koma wasa a 1976, ya ci gaba har 1989. Aka yi murna, aka sa wa aikin sunansa. Amma da tafiya ta yi tafiya sai aka wayi gari ana yi wa 'yan makarantar sakandare wannan fiɗa, wadda da can ta tsofaffin 'yan wasa ce. A Japan kuwa, inda ake ɗaukar wahala a matsayin tarbiyya, wani ɗalibi mai suna Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa guda a gasar makarantu ta Koshiyen a 1998, ƙasa duka ta tafa masa. Daga bisani hankali ya dawo. Tun daga 2007 Little League ta kafa dokar ƙirga jifa: ɗan shekara 9 ko 10 ba zai wuce 75 a yini ba, ɗan 11 ko 12 ba zai wuce 85 ba, kuma wanda ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu cur kafin ya sake hawa tudun. Japan ma ta sa wa 'yan sakandare iyakar jifa 500 a mako daga 2020. A gefen fili akan zaunar da mutum wanda ba shi da wani aiki sai ƙirga. Ko yaron yana kuka yana cewa bai gaji ba, ko ana gab da cin kofi, da lissafi ya cika sai a karɓe ƙwallon daga hannunsa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da wannan. To, a dubi dambe. Ɗan dambe, kamar mai jifan besbol, da hannu ɗaya yake neman abinci. Hannu guda ake ɗaure wa zare ya zama mashi, ɗayan ya zama garkuwa. Duk nauyin sana'ar a kan kafaɗa ɗaya da gwiwa ɗaya da wuyan hannu ɗaya yake sauka, turmi bayan turmi, dare bayan dare. A da, dambe wasan kaka ne. Mahauta sukan bi ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona, idan damina ta faɗi kowa ya koma gonarsa, hannu ya huta. Damina ce mai ƙirgar wancan zamani, ko da yake ba wanda ya naɗa ta. Yanzu dambe ya shigo birni, ya sami gida mai ƙofa da tikiti, ya kuma sami masu kallo ta waya daga ƙasashen da ba su san kalangu ba. Wannan ci gaba ne, ba a musu, amma hutun da damina take tilastawa ya tafi, kuma ba a kawo abin da ya maye gurbinsa ba. Haka abin yake ga ƙaramin ɗan ƙwallo da ke bugawa a ƙungiyar unguwa da safe, ta makaranta da rana, ta abokan yayansa da yamma, a kan ƙasa mai tauri, kowane koci yana tsammanin shi kaɗai ne ya sa shi aiki a ranar.

Kada a fahimci cewa ana hana yaro motsa jiki ko ɗaga nauyi ne. Tsohuwar maganar nan da ke cewa ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo ba ta da tushe, muddin akwai mai lura, kuma nauyin daidai da shi ne. Likitocin yara sun yarda cewa tun daga shekara 7 ko 8, idan yaro ya iya bin umarni, yana iya fara horon ƙarfi. Sai dai akwai abin da ya kamata duk mai horarwa ya sani: kafin balaga, ƙarfin da yaro yake samu ba daga kumburin tsoka yake zuwa ba, daga ƙwarewar ƙwaƙwalwa ne wajen sarrafa tsokar da take akwai. Wanda ya ɗora wa ɗan shekara 12 buhun sumunti don ya ga ƙwanjinsa ya fito yana neman ruwa ne a rijiyar da ba ta kai ga ido ba tukuna. Abin da ya dace da shi shi ne nauyin jikinsa, da tsuguno da miƙewa, da rataya a reshe ya ja kansa sama, da nauyi marar yawa wanda zai iya ɗagawa sau 10 zuwa 15 ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, sau biyu ko uku a mako, da kwana guda a tsakani. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum tun ranar da aka haife shi, har ya wayi gari yana saɓa bijimi. Ko labarin gaskiya ne ko ƙage, Bafulatani zai gane shi nan take: maraƙin ba ya zama sa a dare ɗaya.

Wani abin da masu besbol suka gano, wanda tsofaffin 'yan dambe suka daɗe da sani, shi ne ƙarfin jifa ba a hannu yake ba. Daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafa, ya juya a ƙugu, hannu kuwa ɗan aike ne kawai. Duk wanda ya lura da tsayuwar gwanin dambe, yadda yake buɗa ƙafafu ya sauke ƙugu kafin ya saki hannu, ya ga wannan ilmi a aikace. Yaran lungu kuwa sun fi damuwa da ƙirji da damtse, domin su ne ake gani a cikin riga. Idan ƙafa da ƙugu suka yi rauni, hannu ne yake biyan bashin, kuma da jijiya yake biya. A ƙara da cewa tsoka ba a fili take ginuwa ba, a kan tabarma take ginuwa, lokacin barci. Matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10 a dare, ga shi kuwa yana gidan kallon ƙwallo har tsakar dare, da asuba ya fito gudu. Abinci ma ba sai an je kantin Turawa an sayo garin gwangwani ba: wake da ƙuli-ƙuli da awara da ƙwai da fura da nono sun isa, in an samu. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, kocin da ke hana yara shan ruwa wai don su yi tauri, wasa yake yi da rai.

Inda babu mai ƙirga, akwai mai sayarwa. Yaron da jikinsa ya gaji, gwiwarsa tana zogi, ba wanda zai ce masa ya huta, amma ba zai rasa wanda zai nuna masa ƙwaya ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa magungunan kashe zafi ne irin su tiramadol da kodin. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, a 2024 kuma hukumomi suka rufe shagunan sarin magani na Sabon Gari, suka ce a koma cibiyar da aka gina a Dangwauro. Duk wannan ya taɓa mai sayarwa ne, bai taɓa dalilin saye ba. Tiramadol ba ya ƙara wa tsoka ko da ƙwayar zarra ta ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya toshe bakin ciwo, ciwo kuwa shi ne ɗan saƙon da jiki yake aikowa cewa wani abu yana shirin tsinkewa. Wanda ya kori ɗan saƙo bai kori yaƙi ba. Idan aka yawaita shi yana kawo farfaɗiya, yana kuma kama mutum ya zama ba ya iya aiki sai da shi. Tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar duniya mai hana shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi lokacin gasa, watau yaron da ya saba da shi a Fagge yana toshe wa kansa ƙofar Turan da yake mafarki. Besbol ma ta sha wannan ɗaci: rahoton Mitchell na 2007 ya tona yadda manyan 'yan wasanta suka riƙa shan magungunan kumbura tsoka, sunayen da yara ke bauta wa suka zube.

Wannan ya kawo zance ga rabi na biyu, wanda ya fi na farko wuyar kamawa, watau natsuwa. Tsakanin mai jifa da mai kulki mita 18.44 ne. Ƙwallon da aka jefa da gudun kilomita 145 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin sakan, kuma a cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne mai kulki zai gane inda ta dosa, ya yanke shawarar bugu ko ƙyalewa. Ba wurin tunani. Bugu da ƙari, wasan an gina shi ne a kan faɗuwa: wanda ya dace sau uku a cikin goma gwani ne, Ted Williams da ya haura huɗu cikin goma a 1941 har yau ana ba da labarinsa. Ashe ke nan babban darasin da ake koya wa yaro a wannan wasa shi ne yadda zai kuskure sau bakwai, ya dawo na takwas da zuciya wankakkiya. Saboda haka ake koya masa ƙananan al'adu: ya ja da baya taku ɗaya, ya ja numfashi mai tsawo ya sake shi a hankali, ya kafa ido a wuri guda, ya manta da jifar da ta wuce. Wata masaniya a Jami'ar Kalgari ta Kanada, Joan Vickers, ta nuna a binciken da ta yi a kan 'yan wasa cewa idon gwani yakan tsaya cik a kan abin da ya nufa, ya daɗe fiye da na ɗan koyo, kafin jiki ya motsa. Maharbin Bahaushe bai karanta wannan ba, amma ya san ba a sakin kibiya ido yana yawo.

Kano tana da nata misalin, mai zafi. Ran 17 ga Yunin 2010, a Bulumfonten, Nijeriya tana gaban Girka da ci ɗaya a gasar cin kofin duniya, Kalu Uche ne ya ci. A minti na 33, ƙwallo ta riga ta fita waje, ba wani hatsari, Sani Kaita ya ɗaga ƙafa ya nufi Basilis Torosidis. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati. Girka ta farke kafin hutu, sa'an nan Torosidis ɗin nan da kansa ya ci ta biyu. An zagi Kaita zagin da ya wuce laifinsa nesa ba kusa ba, aka manta shi ne yaron Kano da ya taimaka aka zo na biyu a gasar matasa ta duniya a 2005 da wasannin Olamfik na 2008, kuma ya fito ya nemi gafara. Ba don a sake tona masa ciwo aka kawo shi nan ba. Tambayar da ba a yi ba a lokacin ita ce: a cikin dubban awoyin da aka kwashe ana horar da ƙafafun 'yan wasan ƙasar nan, awa nawa aka ware don koya musu abin da za su yi a sakan biyun da zuciya ke tafasa? Ƙarfinsa bai gaza ba ranar. Abin da ya kuɓuce masa abu ne da kowa ke tsammanin haihuwa ake yi da shi.

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin cewa, domin harshen ya riga ya rarrabe abubuwan da filin wasa ke cakuɗawa. Jarunta daban, taurin kai daban. Juriya daban, ganganci daban. Idan aka ce wane yana da zuciya, ana iya nufin yabo, ana iya nufin suka, sai an dubi fuskar mai magana. A cikin halayen mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974 akwai haƙuri da hankali, ba a sa ƙarfi ba. Amma a gidan dambe abin da kunne ya fi ji shi ne zuga. Makaɗi yana kiran sunan uwa da uba, yana tuna wa ɗan wasa waɗanda ya kashe, har tsigar jikinsa ta tashi, ya yi kirari, ya shiga fili yana rawar jiki. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa suna daga cikin manyan taskokin adabin baka, ba mai jayayya. Sai dai ya kamata a lura da aikin da zuga take yi: wuta take hurawa. Wuta kuwa akwai gwargwadon da take dafa tuwo, akwai gwargwadon da take ƙona shi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa ƙwazo yana ƙaruwa da tashin hankali zuwa wani matsayi, daga nan sai ya fara zubewa. Gwanayen da aka yi wa waƙa su ne waɗanda kalangu ke tashi a kansu amma idonsu yana kan ƙafar abokin karo, suna jira. Yaron da ke kallo daga bayan igiya rawar jikin yake gani, jiran ba ya ganuwa. Shi ya sa idan ya rasa natsuwa yakan neme ta a laya, ko a tsaga, ko a ƙwaya, alhali abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon haddar allo, da maimaici, a gaban malami.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai cewa, waɗannan dokoki na masu ƙoshi ne. Yaron Amurka yana da likita da inshora, yaron Fagge kuwa da wannan jikin yake tura kura ya ciyar da ƙannensa, wa zai ce masa ya huta kwana huɗu? Za a kuma ce da wannan wahalar aka yi gwanayen da ake alfahari da su. Amsar ta farko ita ce talaucin ne ma ya sa lissafin ya wajaba: wanda za a iya dasa wa jijiya yana iya caca da gwiwarsa, wanda kuwa idan ta tsinke sai dai mai ɗori, ba shi da rarar da zai yi caca da ita. Kuma buhun da ya ɗauka a Singa da safe dole ya shiga cikin lissafin atisayen yamma, domin ƙashi bai san bambancin aiki da wasa ba. Amsa ta biyu ita ce gwanayen da ake ƙirgawa su ne waɗanda suka tsira. Waɗanda kafaɗarsu ta goce suna da shekara 17, suka koma gefen titi suna sayar da rake da hannu ɗaya, ba su da makaɗi. Gaskiya ne dokar ƙirga ba ta kawar da ciwon hannu a Amurka ba, domin iyaye masu kwaɗayi sukan sa yaro a ƙungiya biyu ko uku, kowacce da nata lissafin. Wannan ya nuna ne cewa mai ƙirgar dole ya zama mutum guda wanda ya san yaron dukansa.

Irin wannan mutum kuwa ba sai an shigo da shi daga waje ba, sunayen 'yan dambe ma sun shaida yana nan. Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane: kowane suna yana nuna cewa akwai ubangida a baya, wanda ya ɗaura wa yaro zare ran farko, wanda kuma ake jingina nasararsa gare shi. Kudu da Arewa da Guramada kowane ɓangare yana da manyansa. Kowace ƙungiyar ƙwallo ta unguwa tana da koci, ko da tsohon ɗan wasa ne da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Wanda ya karɓi rabonsa na suna idan yaro ya yi kisa, ya kamata ya karɓi rabonsa na tambaya idan yaro ya nakasa. Hukumar wasanni ta jiha da shugabannin gidajen dambe suna iya sa ƙa'idar shekarun da yaro zai kai kafin ya shiga fili da manya, da kwanakin da wanda aka buga da ƙasa har ya suma zai yi kafin a sake ɗaura masa zare, domin ƙwaƙwalwar da ta girgiza ba ta warke ba, bugu na biyu yana iya zama ajali. Ɗaliban sashen Hausa da na ilmin motsa jiki kuma suna iya haɗa kai su zauna da tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa tun suna raye, su ɗauki bayanin yadda iyayen gidansu suka rene su, su fitar da 'yan ƙananan littattafai da Hausa mai sauƙi, irin waɗanda aka riƙa bugawa a Zariya a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci.

Kafin hukuma ta motsa, abin da kocin unguwa yake bukata ana sayar da shi a kan tebur a bakin titin Bata: littafin rubutu mai fallaye 40 da biro. Kowane yaro a ba shi shafinsa. A rubuta shekarar haihuwarsa ta gaskiya, ba ta fasfo ba, da aikin da ya yi a kasuwa kafin ya zo, da abin da ya ɗaga da sau nawa, da inda ya ce yana masa ciwo, da ranar da aka sallame shi ya je ya kwanta.